Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Tafiye-tafiye: A Mayar Da Chinon Cikin Jadawalin Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, Malam limaminmu, iyayenmu mata na kwamiti, da sauran 'yan'uwa Hausawa mazauna Tours da kewaye, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya, da iyali, da aiki. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu ba tare da ana biyan ku ko sisin kwabo ba.

Dalilin wannan takarda shi ne sanarwar da kuka fitar cewa an cire garin Chinon daga wuraren da za a kai iyalai da yara a babban hutun bana, saboda garin giya ne, an sa Amboise a madadinsa. Na ga ya fi kyau in rubuta a fili maimakon in kira Shugaba a waya, domin kuɗin mota na kowa ne, 'ya'yan ma na kowa ne, kuma na san ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, nauyin baki ne ya hana wasu faɗa. Roƙona ɗaya ne: a sake duba shawarar, a mayar da Chinon cikin jadawali, a tafi da tsari.

Wanda ya ce Chinon garin giya ne bai yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye komai a kan haka ba. Tun kafin ka shiga gari gonakin inabi ne hagu da dama, layi-layi a kan tudu, kowace gona da allonta a bakin hanya yana kiran matafiyi ya tsaya ya ɗanɗana ya saya. Tun 1937 hukuma ta ba giyar yankin tambarin asali na AOC, wato ba mai sa sunan Chinon a jikin kwalba sai wanda ya noma inabinsa cikin iyakar da aka shata, da irin da aka amince da shi. Yau gonakin sun haura hekta 2,000, a garuruwa 26 da ke gefe biyu na kogin Vienne. Kusan duk iri ɗaya ake nomawa, cabernet franc, wanda manoman wurin ke kira breton, kuma mafi yawan abin da ake matsa ja ne, sai ɗan fari kaɗan daga irin chenin. A ƙarƙashin tudun da fadar sarakuna take akwai koguna da ake kira Caves Painctes, inda wata ƙungiyar manoma da masoyan giya da aka kafa a 1961 ke taruwa cikin jajayen alkyabbu suna naɗa baƙi, sharaɗin naɗin kuwa shi ne ka shanye kofin da aka miƙo maka. Suna yin haka ne da sunan François Rabelais, likita kuma marubucin ƙarni na 16 da aka haifa a ƙauyen Seuilly kusa da garin, wanda jami'ar Tours da yawancin ɗalibanmu ke karatu a ciki ta daɗe tana ɗauke da sunansa kafin a sauya mata suna. Duk wannan yana nan, ba wanda zai je ya ce bai gani ba.

Amma ya kamata mu san dalilin da ya sa tallar ta yi ƙarfi haka. Faransawa sun rage sha ƙwarai. A shekarun 1960 abin da ke faɗa wa kowane mutum a shekara ya haura lita 100, yanzu bai wuce wajen lita 40 ba. Dokar Évin ta 1991 kuma ta hana tallar giya a talabijin. Manomin da kasuwarsa ke raguwa, kuma aka toshe masa babbar kafar talla, me ya rage masa? Sai ya jawo baƙo har ƙofar gonarsa, ya zaga da shi cikin kogo, ya ba shi labari, ya sayar masa da katan hannu da hannu ba tare da dillali ba. Shi ya sa duk takardar yawon buɗe ido da ka ɗauka, kofi ne a bangon gaba, fada a can baya kamar ado. Ina jin irin waɗannan takardu ne suka zo hannun kwamiti. Tallar ta 'yan kasuwa ce, sun sa abin da suke sayarwa a gaba. Ni a ganina ma sun rage wa garinsu daraja, domin abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin kwalba nesa ba kusa ba.

Kuma in da gonar inabi ce ma'auni, ranka ya daɗe, da mu ma sai mu tattara kayanmu. Vouvray da Montlouis, su ma garuruwan giya ne, suna nan a bakin Tours, wasunmu ma can suke haya. Amboise ɗin da aka zaɓa, na fahimci dalili, can aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya daga 1848 zuwa 1852, kuma kaburburan mutanensa da suka rasu a tsare suna cikin lambun fadar, ya kamata yaranmu su ziyarta su yi musu addu'a. Sai dai Amboise ɗin ma tana da nata tambarin giya da nata koguna. Duk kwarin Loire haka yake. Ba mu da garin da za mu gudu zuwa gare shi, abin da muke da shi shi ne sanin inda za mu sa ƙafa.

To, me ke Chinon da zai sa in dame ku haka? Garin bai wuce wajen mutum 8,000 ba, kilomita 47 daga Tours, a matse tsakanin tudu da kogi. A kan tudun akwai fada mai ganuwa, doguwa, kashi uku, kowane kashi da gwalalo tsakaninsa da ɗan'uwansa: Fort Saint-Georges a gabas, Château du Milieu a tsakiya, Fort du Coudray a yamma. Masu sarautar Blois ne suka ƙarfafa wurin a ƙarni na 10, ya koma hannun gidan Anjou a 1044. Daga wannan gida Henry na Biyu ya fito, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, mulkinsa ya kama tun daga iyakar Scotland har duwatsun Pyrénées. Da yake Chinon tana tsakiyar ƙasashensa, nan ya ajiye baitulmalinsa, nan yake yawan sauka.

Ga inda labarin ya taɓo mu. Bayan Salahuddin Al-Ayyubi ya yi nasara a Hattin a Yulin 1187, ya karɓe Birnin Ƙudus a Oktoban shekarar, wannan Henry ɗin ne ya ɗora wa talakawansa haraji a 1188, kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu da abin da ya mallaka, don a tara kuɗin yaƙi. Har yau a littattafan tarihi ushirin Salahuddin ake kiran harajin. Shi Henry bai samu tafiya ba. Ɗansa Richard ya haɗa kai da sarkin Faransa Philippe Auguste suka yaƙe shi, suka tilasta masa sa hannu kan sharuɗɗan wulaƙanci, aka ɗauko shi ba lafiya aka kawo shi Chinon. Masu tarihin zamanin sun ce ya nemi a karanta masa sunayen waɗanda suka ci amanarsa, sai ga sunan John, autansa da ya fi ƙauna, a sahun farko. Ya mutu ranar 6 ga Yuli, 1189. An binne shi a Fontevraud, tafiyar 'yan mintoci a mota, inda matarsa Aliénor da shi Richard ɗin suke kwance kusa da shi. Richard ɗin nan shi ne wanda ya kara da Salahuddin a Arsuf a 1191, suka ƙare da sulhu a 1192 bai shiga Ƙudus ba. Kafin ya tafi, a Chinon ya fitar da dokokin da mayaƙansa za su bi a cikin jiragen ruwa: wanda ya kashe mutum a jirgi a ɗaure shi da gawar a jefa teku, ɓarawo a aske shi a zuba masa tafasasshen kwalta a ka, a barbaɗa masa gashin tsuntsu, a sauke shi a gaɓar farko da aka tarar.

Iyaye, yaranmu da ke aji na cinquième, wato shekara ta biyu ta sakandare, suna karanta wannan zamani a makaranta, babin Kiristanci da Musulunci daga ƙarni na 6 zuwa na 13. Suna karanta shi da harshen Faransanci, daga bakin malamin da ba lallai ya san ɓangarenmu na labarin ba. Ina amfanin mu bar damar tsayawa da su a kan ganuwar nan, Malam ya ba su labarin Salahuddin da Hausa, a wurin da ɗaya ɓangaren ya yi shirin yaƙinsa? Gani ya kori ji.

Philippe Auguste ya ƙwace fadar daga hannun John, wanda ya gaji Richard, a 1205 bayan doguwar ƙawanya, ya gina hasumiyar Coudray. A cikin wannan hasumiya aka tsare shugabannin mayaƙan Haikali a 1308, cikinsu har da babbansu Jacques de Molay. Su ne mayaƙan nan 'yan zuhudu da suka shekara kusan ɗari biyu suna yaƙi a Sham, suka tara dukiya har sarakuna na cin bashi a wurinsu. Sarki Philippe le Bel, wanda shi ma suna bin sa bashi, ya sa aka kame su rana ɗaya a Oktoban 1307 bisa zargin ridda. Fafaroma Clément na Biyar ya turo manyan limamansa uku Chinon suka yi musu tambayoyi, suka yafe musu. Takardar fatar da aka rubuta wannan a kai ta shige cikin tarin takardun Vatican, sai a 2001 wata mai bincike, Barbara Frale, ta fito da ita. Yafiyar ba ta hana sarki ƙone Molay a Paris a 1314 ba. In ka sauka ƙasan hasumiyar za ka ga zane-zane da aka karta a jikin bango, gicciye da hannaye da fuskoki, an rufe su da gilashi, ana danganta su ga fursunonin. Dutsen yana da laushin da ƙusa ma za ta iya karta shi.

Labarin Jeanne d'Arc kowa ya ji shi, ba sai na tsawaita ba. A 1429 Ingilishi na riƙe da Paris, Charles na Bakwai yana zaune a Chinon ba a ma naɗa shi ba, sai ga yarinya 'yar shekara 17 ta yi tafiyar kwana 11 a kan doki daga Vaucouleurs ta ce Allah ne ya aiko ta ta taimake shi. Ranar 8 ga Mayu aka 'yanto Orléans, ranar 17 ga Yuli aka naɗa Charles a Reims, ranar 30 ga Mayu 1431 aka ƙone ta a Rouen. Babban zauren da suka haɗu ya rushe, bango ɗaya da murhunsa suka saura a tsaye a fili. Fadar ta lalace ne bayan ta shiga hannun gidan Richelieu a ƙarni na 17, aka bar ta ga ruwa da ciyawa, sai a 1840 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa, kuma tsakanin 2003 da 2010 gundumar Indre-et-Loire ta yi mata babban gyara, aka mayar da rufin ɗakunan sarauta. Ƙararrawar da ke hasumiyar agogo, mai suna Marie-Javelle, tun 1399 aka ƙera ta.

Akwai kuma abin da takardun talla ba su cika faɗa ba. A 1321 aka yaɗa jita-jitar cewa Yahudawa da kutare sun zuba guba a rijiyoyi. A Chinon, a watan Agusta, aka tara Yahudawa kimanin 160 aka ƙone su. Mu da muke zaman baƙunta a ƙasar wasu, kuma muke tura wa juna saƙonni a WhatsApp ba tare da bincike ba, bai kamata manyan yaranmu su wuce wannan labari ba.

Yanzu gini, wanda shi ne ya fi jan hankalina, kuma na san magina da ɗaliban zanen gine-gine da ke cikinmu za su fi ni gane shi. Yawancin garin da dutse ɗaya aka yi shi, tuffeau, fari mai ɗan rawaya-rawaya. Shafa tafin hannunka a jikin bangon wani tsohon gida a Rue Voltaire, za ka ga farin gari ya maƙale maka kamar alli. In an fasa shi daga ƙasa da zarto ake yanka shi, sai ya sha iska yake ƙara tauri, shi ya sa magina suka samu damar yi wa tagogi da ƙofofi ado yadda suka ga dama. Aibinsa shi ne yana shan ruwa. Dubi gindin bangayen, za ka ga inda danshi ya cinye shi ya yi rami-rami, da inda aka cire tsohon dutse aka sa sabo fari fat. A sama kuma rufi ne na fallen baƙin dutse, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a wajen Angers. Farin bango, baƙin rufi, in ka tsallaka gada ka waiwayo, haka za ka ga garin a shimfiɗe ƙarƙashin ganuwa.

Daga ina aka samo dutsen? Daga cikin tudun da garin ya jingina da shi. Yadda kududdufi ke zama a bayan gari a gida bayan an haƙi ƙasar gini, haka kogunan Chinon suka samu, sai dai su a ƙarƙashin ƙasa suke. Magina suka fara haƙa su. Bayan an kwashe dutse, talakawa suka toshe bakin wasu suka sa ƙofa da taga suka zauna, har yau in ka bi hanyar tudu ta gabas za ka ga irin waɗannan gidaje. A ƙarshen hanyar akwai majami'ar Sainte-Radegonde da aka fafe a cikin dutse, inda a 1964 aka gano zanen ƙarni na 12 na mahaya biyar, da yawan masana suna ganin iyalan Henry na Biyu ne. Da yake sanyin cikin kogo ba ya sauyawa rani da hunturu, yana nan wajen digiri 12, sai wasu a yankin suka mai da su wurin noman naman kaza, wasu kuma wurin ajiye gangunan giya. Mai giya ya tarar da kogo ne a haƙe, ya shiga.

A tsakiyar tsohon gari akwai mararrabar Grand Carroi, inda hanyar da ta bi tsawon gari ta haɗu da wadda ta hauro daga gada. Nan ne cibiyar ciniki a da. Gidajen wurin na ƙarni na 14 da 15 ne, ƙashinsu katako, an cike tsakani da bulo ko yumɓu, kowane bene ya ɗan turo gaba fiye da na ƙasansa don a ƙara faɗin ɗaki kuma ruwan sama kada ya taɓa katakon ƙasa. Maison Rouge jan bulo ne tsakanin katakonta, wata maƙwabciyarta kuma an lulluɓe fuskarta da fallen dutse. Kusa da su akwai gidan dutsen da ake kira na États Généraux, don tunawa da taron wakilan ƙasa da Charles na Bakwai ya kira a Chinon a 1428 yana neman kuɗin yaƙi, yanzu gidan kayan tarihi ne. Titunan ƙanana ne, shimfiɗe da duwatsu, mai keken jariri ya shirya. Ganuwar da ta raba gari da kogi an rushe ta a ƙarni na 19 aka yi hanyar bakin ruwa mai manyan itatuwa, inuwa har ta ishi mutum hamsin.

Kogin ne ya yi kasuwar. Vienne tana faɗawa cikin Loire a Candes-Saint-Martin, ba nisa, daga can kuma hanya ta buɗe har Nantes da teku. Jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki, waɗanda ruwa kaɗan ke ɗauka, su ke hauro da gishiri su gangara da dutse da hatsi da ganguna, har jirgin ƙasa ya zo a ƙarni na 19 ya kashe sana'ar. Yanzu 'yan kaɗan da aka sake ƙerawa suna ɗaure a bakin ruwa, ana shiga yawo da su. Tun 2000 wannan yanki na Loire, har da Chinon, yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO. Garin ma yana da ƙawance da Tenkodogo ta Burkina Faso, ba baƙon Afirka ba ne.

Kasuwa ranar Alhamis da safe take ci, a dandalin Jeanne d'Arc inda mutum-mutuminta yake a kan doki. Iyayenmu mata, nan ne wurinku. Ku nemi cukun awaki na Sainte-Maure, dogo ne kamar guntun rake, an birkiɗa shi da toka da gishiri, kuma akwai karan hatsin rai guda a tsakiyarsa tun daga kai har gindi, shi ke riƙe shi kada ya karye, a jikin karan kuma ake buga shaidar wanda ya yi shi. Akwai zuma, kayan lambu, kwandunan saƙa. Amma a nan ne ake bukatar ido, fiye da gonar inabi ma. Rillettes da rillons, waɗanda Touraine ke alfahari da su, naman alade ne. Fouée, ɗan burodin nan da ke kumbura a tanda, shi kansa gari ne da ruwa da gishiri da yisti, amma sau da yawa da rillettes ake cusa shi, sai ka ce a sa maka cuku ko man shanu. Akwai jam da ake yi da giya, kwalbarsa ba ta da bambanci da ta sauran. Busassun 'ya'yan poire na Rivarennes a cikin giya ake yawan jiƙa su. Miyar kifi ko ta kaza a gidan abinci, a tambaya da me aka dafa. Yaron da aka koya wa karanta jikin kwalba da tambayar mai sayarwa cikin ladabi a kasuwar Chinon, zai yi haka a kantin makaranta ranar da ba ma kusa.

Wani abu kuma don 'yan'uwanmu na Nijar musamman. Daga saman ganuwa, in ka dubi arewa, za ka hango farin tururi yana tashi. Tashar nukiliya ce ta Avoine, wadda ake kira tashar Chinon. Nan kamfanin lantarki na Faransa, EDF, ya kunna injinsa na nukiliya na farko a 1963, cikin wani ƙaton ƙwallon ƙarfe da mutanen wurin ke kira la Boule. An kashe wancan a 1973, yanzu injuna huɗu ne masu ƙarfin megawat 900 kowanne ke aiki, kuma tashar tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin. Tashoshi irin wannan ne suka shekara da shekaru suna cin yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, da na Akouta daga 1978 har aka rufe ta a 2021. A cikinmu akwai waɗanda iyayensu suka yi aiki a waɗannan ma'adinai. Ko daga nesa ne, ya kamata 'ya'yansu su ga irin wurin da dutsen yake ƙarewa.

Malam, Allah ya gafarta maka, ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Haramcin giya a Suratul Ma'ida a bayyane yake, hadisin da ya la'anci mai matsa ta da mai ɗaukar ta da mai sayar da ita mun sha ji daga bakinka, haka ma hanin zama a teburin da ake sha. Ba wanda ya ce a taɓa ko ɗaya daga ciki. Tambayata ita ce ko bin titin gari, da hawa ganuwa, da sayen cuku a kasuwa sun shiga wannan hani. In sun shiga, a faɗa mana da dalili, za mu ji mu bi. In ba su shiga ba, to ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance, ban san wurin da ya fi dacewa da su kamar ɗakin da sarkin da ya mallaki rabin Faransa da Ingila ya mutu 'ya'yansa suna yaƙarsa ba.

Tunda an taɓo maganar, akwai wadda ta fi ta yawon kwana ɗaya nauyi, kuma ba a taɓa kawo ta taro ba. Duk Satumba da Oktoba wasu ɗalibanmu suna zuwa tsinkar inabi a waɗannan gonaki don su haɗa kuɗin haya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Malaman fiƙihu sun yi magana kan sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, to ina matsayin mai tsinka da lada? In akwai matsala, wane aiki ƙungiya za ta taimaka musu su samu a madadin? Hana yara ganin ganuwa ba zai amsa wannan ba. Ina roƙon a ware mata zama na musamman.

Ga tsarin da nake ba da shawara. A tafi ranar Alhamis don a tarar da kasuwa, a duba kalandar garin a kauce wa ranakun bukukuwan masu inabi. Jirgin ƙasa daga Tours bai kai awa ɗaya ba, amma motar haya ta fi sauƙi ga masu yara. A fara da kasuwa da tsohon gari da safe, sannan a hau fada. Akwai lif da ke ɗaukar mutane daga cikin gari zuwa saman tudu, dattawa ba sai sun sha wahalar hawa ba. Abinci mu tafi da namu, a ci a bakin kogi, a sa ido kan yara kada su shiga ruwa. Azahar a lokacin zafi tana kaiwa wajen ƙarfe biyu, a nemi gefe a kan ciyawa a yi ta ba tare da tare wa kowa hanya ba, kuma tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Kuɗin ƙungiya ba za su shiga kogon ɗanɗano ba, ba za a sa shi a jadawali ba, ba za a shigo da kwalba motar da muka yi haya tare ba. 'Yan'uwanmu Kiristoci, waɗanda su ma suna biyan kuɗin wata kuma ba a tambaye su ba kafin a fitar da sanarwar, a ba kowa awa ɗaya ta kansa bayan la'asar, ba mai bin diddigin wani. Amboise kuma a bar ta a jadawali, a sa mata wata ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kamfanonin mota suna cika da wuri a lokacin hutu. Don haka ina roƙon Shugaba ya sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa, Malam ya yi mana bayani, a ba iyaye dama su faɗi ra'ayinsu, sannan a kaɗa ƙuri'a. In an amince, ni na ɗauki nauyin kiran ofishin fadar don neman rangwamen rukuni da mai yi mana jagora, zan kuma rubuta wa yara taƙaitaccen tarihin garin da Hausa da Faransanci a raba musu a mota. In na yi kaushin harshe a wani wuri, a yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku,
memba mai biyan kuɗin wata, daga Tours